SHAƘAR SHOLISHO DA ESANSI: ABIN DA KE ƊAUKE MANA ƊIYA

(Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta gaban jama'a ran babban taron bayan kaka. Mun buga shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, a kuma aika ma ƴan ci-rani.)



Maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, muna gaishe ku, muna yi muku barka da kaka.

Bisa al'ada, ga taron bayan kaka maganar bankin cimaka muke yi, da gyaran rijiya, da kuɗin asusu. Duk za mu zo gare su. Amma bana mun roƙi maigari shi ba mu wuri mu fara da wata magana mai nauyi, wadda kowa ya sani, kowa kuma ke kauce mata.

Cikin rani biyu mun rufe yara biyu na garin nan. Ba zazzaɓi ya kashe su ba, ba sanƙarau ba, ba hatsarin mota ba. Ranar zaman makoki, wanda ya tambaya sai a ce mishi iska ce ta buge su. Duk mun ce Allah shi jiƙan su, munka watse. Yau iyayen ɗayansu sun ba mu izini mu faɗi gaskiyar abin da ya faru, da sharaɗin kada a kama suna. Muna yi musu godiya, don ba ƙaramin abu sunka yi ba.

Yaron shekararshi 14. Bayan an ida aikin gona ya bi kawunshi birni, anka sa shi wurin wani mai faci kusa da tasha. Wata rana da la'asar kawun ya zo biɗar shi, bai gan shi ba. Ya zagaya bayan wani kango, sai ya tarar da shi zamne da tsumma ga hanci. Ranshi ya ɓaci, ya daka mishi tsawa, ya ɗauki kara. Yaro ya zabura ya sheƙa da gudu. Bai kai bakin hanya ba ya faɗi. Ko da anka ɗaga shi, babu rai. Karan nan bai ko taɓa jikinshi ba.

Ba mu kawo labarin nan don mu ɗora ma kawun laifi ba. Wa ke cikinmu da zai ga ɗanshi cikin wanga hali bai yi tsawa ba? Abin da ya yi, shi kowannenmu za shi yi. Abin da ya rasa sani ne, mu ma duk mun rasa shi. Shi ya sa kwamiti ya tafi ya zamna da malaman likita, munka yi tambaya, munka sa yaranmu ƴan lakwal sunka bincika. Ga abin da munka samo.

1. MI YARAN KE SHAƘA?

Na farko sholisho, wanda masu faransanci ke ce ma disolisiyon, wato gam ɗin da ake liƙe tayar keke da ta babur. Da shi da gam ɗin masu gyaran takalma da na kafintoci. Na biyu esansi, wanda ake saidawa cikin kwalabe bakin kowace hanya tun daga Maraɗi har Ɗan Isa, da Damagaram, da Ƙonni. Na uku ruwan da masu fenti ke sirka fenti da shi. Na huɗu gas ɗin da ake ɗura ma abin kunna taba.

Ku lura da abu guda. Duk waɗanga kayan aiki ne na halal. Mai faci ba shi cin abinci sai da sholisho, ɗan kabu-kabu ba shi motsi sai da esansi. Wiwi da ƙwaya ɓoye su ake yi, ƴan sanda na farautar masu saida su. Sholisho kuwa a fili yake bisa tebur, kuɗinshi bai kai na kwanon tuwo ba, yaro ɗan shekara 10 na iya sayen shi ba mai tambayar shi. Nan wuyar take.

Yaro na matsa shi ga tsumma ko cikin leda, shi kai ga hanci da baki. Tururin na shiga huhu, daga huhu shi shiga jini, cikin ƴan daƙiƙu ya kai ƙwaƙwalwa. Sai jiri, da dariya ba dalili, da ganin abin da babu. Mayen ba shi daɗewa, bai cika kai awa guda ba. Don haka yaron ke ta maimaitawa tun safe har dare.

2. YADDA YAKE KISA

Ga maganar da muke so kowa shi riƙe, ko ya manta sauran.

Zuciya tana bugawa bisa tsari, kamar mata biyu masu daka ga turmi guda, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Tururin gas da esansi da sholisho, in ya cika jini, shina sa zuciya ta zama mai saurin rikicewa. Shi kuma jikin ɗan Adam, in ya firgita ko ya zabura da gudu, wasu ƴan ƙululai da ke bisa ƙoda suna sako wani ruwa cikin jini, likitoci na ce mishi adirenalin. Aikinshi shi ƙara ma zuciya sauri don mutum shi tsere ma haɗari. Ga mai lafiya wanga ruwa taimako ne. Amma in ya tarar da zuciyar da tururi ya riga ya jiƙa, sai bugun ya watse. Zuciya ta koma karkarwa kawai, ba ta tura jini. Mutum shi faɗi, cikin ƴan mintoci an rasa shi.

Kun ga ke nan abin da ya sami ɗanmu bayan kango. Tururi ya ɗana tarko, firgita da gudu sunka taka shi.

Wagga mutuwa ba ta jiran yaro shi daɗe cikin abin. Tana iya ɗaukar wanda ya shekara shina shaƙa, tana iya ɗaukar wanda yau ne farkonshi, mai ƙarfi, mai cikakkar lafiya. Ba wani awo da za a ce in an tsaya gare shi an tsira.

Akwai waɗansu hanyoyin kuma. Wanda ya sa kai cikin leda ko ya ƙulle kanshi cikin ɗaki, iska na ƙare mishi, shi suma, shi wuce. Haka anka tarar da yaronmu na biyu. Wani shi yi amai cikin maye shina kwance rigingine, aman shi koma huhu shi shaƙe shi. Wani shi fesa gas cikin baki, sanyin gas ɗin shi kumbura maƙogwaro, numfashi shi tsaya. Wani shi faɗa rijiya ko tabki, wani shi shiga gaban mota. Wani kuma shina riƙe da tsumman esansi abokinshi shi ƙyasta ashana.

3. WANDA BAI MUTU BA FA?

Shi ma bai tsira ba. Cikin sholisho da ruwan fenti akwai wani sinadari mai suna toluwen. Aikinshi narkar da maiƙo. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa da wani farin maiƙo anka naɗe su, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba. Yau da gobe toluwen na cinye wanga maiƙo. Sai ka ga saurayi na mantuwa, hannunshi na rawa, tafiyarshi kamar ta mai maye ko bai shaƙi komi ba, kunnenshi ya yi nauyi. Yana taɓa ƙoda da hanta. Wani gam ɗin na kashe jijiyoyin ƙafa da na hannu har mutum shi kasa riƙe hauya. Cikin esansi akwai wani sinadarin, benzen, mai lalata ɓargo inda jini ke tsira. Mace mai ciki in tana shaƙa, abin na kai ga ɗan da ke cikinta.

Labari mai daɗi shi ne, in an bari da wuri, jiki na gyara da yawa daga cikin ɓarnar. In an daɗe, wata ɓarnar ta zamna ke nan har abada. Shi ya sa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. BA MU KAƊAI BA NE

Kada wani shi zaci wagga masifa ta talakka ce kawai, ko ta ƙasarmu. Ƙasashen masu arziki sun riga mu ɗanɗanar ta, kuma akwai darasi cikin abin da sunka yi.

A Amurka, cikin 1970, wani likita mai suna Millard Bass ya tattara labarin matasa 110 da sunka faɗi matattu bayan sun shaƙi irin waɗanga abubuwa. Ya lura da yawansu sun zabura ne, ko sun yi gudu, kafin su faɗi. Tun daga nan likitoci sunka san haɗarin firgita mai shaƙa. Shekara hamsin da wani abu ke nan, mu sai yanzu labarin ya iso mana.

A Ingila, cikin 1985, anka yi doka ta hana saida ma yaron da bai kai shekara 18 ba irin waɗanga kaya in an san shaƙa za shi yi. Duk da dokar, mutuwa ba ta tsaya ba, har cikin 1990 anka ƙidaya mutum 152 a shekara guda. Cikin 1992 gwamnati ta juya ga iyaye, ta dinga yi musu bayani ta telebijin da jaridu. Bayan haka mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Cikin 1999 anka ƙara da hana saida ma yara gas ɗin abin kunna taba. Darasi: doka na da amfani, amma sai iyaye sun san abin da ake ciki.

A Ostareliya, cikin hamada, akwai wani ƙauye na ƴan asalin ƙasar mai suna Yuendumu. Shaƙar esansi ta kama samarinsu da yawa. Farkon shekarun 1990 dattawan garin, maza da mata, ba su jira gwamnati ba. Sunka riƙa kwasar yaran suna kai su wani zango can cikin daji, wurin da ake ce ma Mount Theo, nesa da duk wata mota. Can tsofaffi ke zamnawa da su, suna ciyar da su, suna koya musu farauta da al'adun kakanni. Cikin gari kuma anka buɗe wasanni da ayyuka don waɗanda sunka komo kada su zamna banza. Da haka sunka ci ƙarfin abin. Daga baya, cikin 2005, anka fito da wani esansi mai suna Opal wanda ba shi sa maye, anka riƙa saida shi yankunan nan. Mu ba mu da Opal. Amma muna da dattawa, muna da gonaki da garake, muna da dangi cikin ruga da tunga.

5. MI KE KAI YARO GA TSUMMA?

Mun tambayi samarinmu da sunka taɓa yi sunka bari. Ba wanda ya ce daɗi ya kai shi. Wani ya ce yunwa, don in ya shaƙa ba shi jin ta. Wani ya ce sanyin hunturu, shina kwana bisa kwali cikin tasha. Wani ya ce tsoron dare da manyan ƴan tasha. Wani ya ce abokai sunka ce mishi ƙauyanci ne ƙin gwadawa. Wani ya ce tun da uwarshi ta fita gidan ba wanda ya ƙara tambayar shi ko ya ci.

Jama'a, mu dubi kanmu. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Da an ɗaure dammai sai mu sake su, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu Yamai, wasu Katsina da Kano, wasu almajiranci, wasu tura baro. Wa ke sanin inda suke kwana? Muna tambayar nawa yaro ya aiko, ba mu tambayar mi ya ci. Sholisho bai zo garin nan ya ɗauki ɗiyanmu ba. Mu munka aika su inda yake, ba mai kula da su.

Kuma kada mu ce abin na birni ne. Babura sun cika garin nan, masu faci uku gare mu, kwalaben esansi na nan bakin kasuwa.

6. YADDA ZA KU GANE

Iyaye mata, ku kun fi mu kusa da su. Ku lura da warin esansi ko na gam ga tufafi da numfashi. Ƙuraje ko ja kewaye da baki da hanci. Jan ido, da majina ko tari da ba su ƙarewa. Tsumma ƙunshe cikin hannun riga, yaro na yawan kai shi ga baki. Gwangwanin gam ko matsattsen bututu ƙarƙashin tabarma. Ƙin abinci, rama, yawan barci da rana, saurin fushi. Ɗan lakwal ko almajiri da karatunshi ya koma baya ba dalili. Alama guda ba ta isa hukunci ba. In sun taru biyu ko uku, a zamna da shi.

7. IN KUN TARAR DA YARO CIKIN MAYE

Kada ku yi tsawa. Kada ku ɗauki sanda. Kada ku kore shi, kada ku bi shi da gudu, kada ku yi kokawa da shi don ƙwace tsumma. Ko ranku ya kai inda ya kai, ku haɗiye. Faɗa na iya jira har gobe.

Ku matso a hankali, ku kira sunanshi da murya mai sanyi, ku sa shi zamna. In cikin ɗaki ne a buɗe ƙofa da taga, ko a fito da shi sannu inda iska ke kaɗawa. A kashe taba, a nisantar da wuta da fitilar kananzir. A hana yara taruwa suna ihu. Wani babba shi zamna tare da shi har mayen shi sake shi, kada a bar shi shi kaɗai.

In ya suma amma shina numfashi, a cire leda ko tsumma, a kwantar da shi bisa gefe guda, baki na duban ƙasa, don in ya yi amai shi zubo waje. Kada a ɗura mishi ruwa, ko nono, ko rubutu, don mai suma ba shi iya haɗiya. Kada a turara mishi hayaƙi. A nemi mota ko amalanke a kai shi likita nan da nan.

In numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri. Mutum guda shi ɗora hannu bisa hannu tsakiyar ƙirji, shi riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 cikin minti guda. In ya gaji wani shi karɓa, kada a tsaya, wani kuma shi kira malamin likita ta waya. Masu zama birni su san lambar ƴan kwana-kwana, 18.

In an je likita, a faɗi gaskiyar abin da ya shaƙa. Likita na buƙatar sani, don akwai allurar da ake yi ma wani mai suma wadda ke da haɗari ga wanda ya shaƙi tururi. Kumyar minti guda kada ta jawo kukan shekara.

Sai washegari, ya ci ya ƙoshi, hankalinshi ya komo, sannan a yi magana. A tambaye shi mi ke damun shi kafin a gaya mishi laifinshi. Duka da mari da ɗauri ga turu ba su fidda abin daga ranshi. Sai dai su kore shi shi koma tasha, inda ba idon kowa.

8. ABIN DA KWAMITI KE ROƘO

Na ɗaya. Masu faci, masu tebur da masu saida esansi na garin nan su yi alkawari gaban maigari: ba a saida ma yaro sholisho ko gas, ba a ba yaro esansi cikin leda ko gwangwani. Mai bukata shi zo da kanshi. Mai faci shi riƙa kulle gam ɗinshi, shi san nawa ya buɗe. Mun riga mun gana da su, ba su ƙi ba. Su ma iyaye ne.

Na biyu. Kada yaron da bai kai shekara 15 ba shi tafi ci-rani sai an san hannun wanda za shi zamna, da inda za shi kwana. Magatakardan ƙungiya za shi buɗe littafi: sunan yaro, garin da ya tafi, da mai riƙon shi. Ƴan garinmu mazamna birni su riƙa zagaya su ko sau guda cikin wata. Wanda ya kai ɗanshi almajiranci shi je shi gan shi da idonshi, kada shi dogara ga saƙo.

Na uku. Yaron da abin ya kama, a maido shi gida ba tare da tozartawa ba. A kai shi likita a duba shi. A haɗa shi da dattijo guda cikin dangi, can garka ko wurin bisashe, nesa da tasha, har wata biyu ko uku. In ya koma ma abin, a sake ɗauko shi. Ba a yanke ƙauna ga yaro.

Na huɗu. A ware ma samari fili kusa da tabki don noman rani, ƙungiya ta ranta musu iri da guga daga asusu. A gyara filin ƙwallo da na kokawa. Hannun da ke riƙe da aiki ba shi da wurin tsumma.

Na biyar. Za mu roƙi malamin likita da ƴan agaji su zo ran kasuwa su nuna mana danna ƙirji da kwantar da mai suma, maza daban, mata daban. Muna roƙon liman shi tuna da maganar ran Juma'a, malaman lakwal da na allo kuma su gaya ma yara.

Na shida, wanda ya fi wuya. In Allah ya kawo ƙaddara, mu bar cewa iska ce. Ajali gaskiya ne, amma sababi ma gaskiya ne. Da mun faɗi gaskiya ran da munka rufe na farko, wataƙila da wani ya leƙa ɗakin na biyu.

Kawun yaron nan shina zamne cikinmu yau. Shi ya matsa a yi wanga jawabi. Abin da ya ce mana shi ne, bai so wani uba shi ƙara ɗaukar kara cikin rashin sani. Mu cika mishi wanga buri.

Wanda ke da magana ko gyara shi tashi shi faɗa, ba mu zo da abin da ya fi ƙarfin shawara ba. Bayan nan sai mu shiga lissafin bankin cimaka.

Allah shi jiƙan waɗanda munka rasa, shi ba iyayensu haƙuri, shi shirya mana zuri'a. Allah shi maido da ƴan ci-rani lafiya.

Wassalam.

Kwamitin ƙungiya